Kifin Bahar Maliya a Falon Alhaji Ɗanbala

Akwai wani ɗan kwangila a Birnin Kudu ana ce masa Alhaji Ɗanbala. Zamanin da kuɗin man fetur suka fara malala ne, garin yana cikin Jihar Kano tukuna, naira sabuwa fil. Wanda jiya ka gani kan jaki, yau sai ka gan shi cikin Marsandi yana danna wa jakin hon.

Kada ku ɗauki alhakinsa, Alhaji Ɗanbala ba mugu ba ne. Yana da kyauta, yana da zumunci. Ciwonsa guda ne: bai iya jira ba. A wurinsa duk abin da ya yi jinkiri, to ko kuɗi ne ba su isa ba, ko leburori. Sai a ƙara. Da haka ya gina kwalbatoci da azuzuwa, har ya ɗauka haka duniyar take gaba ɗaya.

Mahaifiyarsa Batulu, wadda kowa ke kira Dada, tana zaune a Basirka ta ƙasar Gwaram. Ya yi ya yi ta dawo birni, ta ce ita ba ta barin awakinta da ɗakin da mijinta ya bar ta a ciki.

Ita Dada tana amarya ta je Makka a ƙasa, ita da mijin nata. Sun bi ta Barno, suka ratsa Sudan, suna noma suna ci gaba, har suka isa bakin Bahar Maliya suka hau jirgin ruwa na katako. A nan ne ta leƙa ruwa ta ga abin da ya zame mata magana har tsufanta. Ta ce ta ga kifi mai launin atamfa, ruwan kuma garau, kana hango ƙasansa.

Da ta dawo ta ba da labari, mutanen da ba su san kifin da ya wuce tarwaɗa da karfasa ba suka bushe da dariya. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Hambali, ɗan kawunta, abokin wasanta. Duk inda ya gan ta sai ya ce, “Batulu, kifin nan naki tela ne ya ɗinka masa rigar, ko da ita aka haife shi?”

Wasa wasa, maganar ta bi gari. Idan yaro ya shararo ƙarya sai a ce masa, “Kai, wannan ai kifin Dada ne.” Ɗanbala ya tashi yana jin haka, ya sha dambe a kanta a dandali, kuma abin bai taɓa barin zuciyarsa ba.

Wata shekara bayan kaka, Dada ta fara laluben zare a bakin allura, daga nan ta fara karo da turmi a tsakar gidanta. Ɗanbala ya kawo ta asibiti a Birnin Kudu. Likita ya duba, ya ja shi gefe.

“Alhaji, ba yana ba ce da za a cire. Jijiyar idon ce take mutuwa a hankali. Za mu ba ta magani ya rage saurin abin, amma ba zai tsayar da shi ba. Duk abin da kake so ta gani, ta gan shi bana.”

Da wannan magana a ransa ya tafi Ikko karɓo kayan aiki. Yana wucewa ta gaban wani kanti ya ja birki har direban bayansa ya zage shi. Wani akwatin gilashi ne ya gani cike da ruwa, kifaye na yawo a ciki, wani rawaya, wani shuɗi, wani mai zane-zane. Ya shiga da sauri ya tambayi inda ake samo su. Mai kantin, wani dattijon Bayarabe da ya girma a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, ya ce wasu daga cikinsu ma daga Bahar Maliya ake kawo su ta jirgin sama.

Ɗanbala ya dafe ƙirji. “Allahu akbar! Ashe tsohuwar nan gaskiya take faɗa! Nawa ne? Ɗaure mini duka, har kifin.”

Mai kanti ya yi dariya. “Alhaji, akwatin zan sayar maka, da yashin teku, da duwatsu, da buhunan gishirinsa, da injin da ke hura iska. Kifi kuwa sai ruwanka ya nuna.”

“Ruwa ne zai nuna? Mangwaro ne?”

“Zauna ka ji. Kashin kifi dafi yake zama a ruwa. A teku akwai wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke cinye dafin. A sabon akwati babu su, sai sun zo sun zauna cikin yashi da jikin duwatsu sun hayayyafa. In ka haɗa ruwan, ka jefa ɗan guntun ɗanyen kifi ya ruɓe a ciki, abincinsu ke nan. Kashi na farko suna zuwa da wuri, su mayar da ƙazantar wani dafi da ake kira naitirait. Kashi na biyu, masu cinye shi naitirait ɗin, su ne masu nawa. Su za ka jira.”

Ya ba shi wata 'yar kwalba da maganin ɗigawa. Ya ce in ya ɗebi ruwan ya ɗiga, ya ga ya yi ja, to dafin yana nan. Ranar da ya ɗiga ruwan ya tsaya fari da kansa, ya aiko a turo masa kifi.

“Wata ɗaya ne, wani lokacin biyu. Amma Alhaji, don girman Allah, kada ka wanke. Ka san yadda madara ke kwana a tsohuwar ƙwarya ta zama nono? To haka ne. Ka bar shi.”

Ɗanbala ya ce ya ji. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Aka kawo kaya Birnin Kudu a bayan tirela. Aka kafa akwati a tsakiyar falo, aka sayo sabon janareta don shi kaɗai, aka haɗa ruwa da gishiri, aka jefa guntun kifi. Ɗanbala ya aika Basirka a gaya wa Dada ta shirya, kifinta na nan tafe, a kuma gaya wa Hambali ya wanke idonsa.

Kafin a ce me, gari ya ɗauka. Mutane suka riƙa zuwa gaisuwa don su leƙa. Su tsaya su ƙura wa ruwa ido, kumfa na tashi, ba komai a ciki.

“Alhaji, ina kifin?”

“Yana tafe.”

“To Allah Ya kawo shi lafiya.” Suna fita zaure sai ka ji ana ƙus-ƙus: Alhaji ya sayo randar gilashi, har da injin yi mata fifita.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki ya ɗiga magani. Ruwan kwalba ya yi ja kamar zoɓon da aka tsarma. Washegari ya fi jiya. Jibi ya zama zoɓo sosai. Ga kuma wata ƙura-ƙura ruwan ƙasa ta fara kama gilashi da duwatsu.

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya kira matarsa Hajiya Kubra.

“Dubi nan! Ƙazanta ce ƙiri-ƙiri. Yaushe za a bar ruwa da mushen kifi a ciki a ce wai jira ake ya gyaru? Randar gidan nan ma ba kullum ake wanke ta ba?”

“Alhaji, ba kai ka ce mini mutumin ya ce kada a wanke ba?”

“Shi ya san ruwan Ikko. Ni na san na Birnin Kudu.”

Ya kira leburori daga wurin aiki. Aka kwashe ruwa tas, aka dirje duwatsu da soso da toka, aka tafasa yashi a tukunyar biki, aka goge gilashi har yana ɗaukar ido. Aka haɗa sabon ruwa. Ya ɗiga magani nan take, ruwa ya tsaya fari ƙal.

“Kin gani? Wata biyu in ji shi! Ni ga shi na gama a yini ɗaya.”

Jama'a, ku duba wannan aiki. Yaushe sabon ruwan da ko awa bai yi ba zai nuna dafi? Bai san 'yan halittun da suka fara taruwa ya dafa a tukunya ba. Ya kashe masu yi masa aiki, ya tsaya yana yaba wa kansa.

Don ya tabbatar, ya sake jefa guntun kifi. Kwana ya tafi, ja ya dawo. Ya sake kiran leburori. Ja ya tafi, ja ya dawo. Ya sake kira. Har leburorin suka gane, in suka ga direba ya zo da safe sai su ce, “Yau ma wankan randa ne?”

Ana haka gishirin teku ya ƙare, don kowane wanki buhu yake ci. Aka zauna jiran tirela daga Ikko. Rani ya raba.

Masu ba da shawara kuwa ba a rasa su a gidan mai kuɗi. Wani ya ce a jefa alif, ai ko ruwan kududdufi yana kwantar da shi. Aka jefa. Ruwa ya yi fari fat kamar kunun kanwa, aka zubar. Wani ya ce baki ne ya yi yawa a kan akwatin, a rufe shi da zane. Aka rufe da sabon leshin Hajiya Kubra. Da aka buɗe aka gwada, zoɓo ne dai.

Ɗanbala ya zama abin tausayi da ban haushi. Da asuba kafin ya karya, kwalba. Ya dawo daga aiki, ko hula bai cire ba, kwalba. Yana ɗaga ta sama yana juyawa a hasken taga, yana lallashin kansa.

“Kubra, zo ki duba. Kamar ya ɗan ragu, ko?”

“Bai ragu ba.”

“Ke dai ba kya taɓa ganin alheri!”

“To ya ragu.”

“Ƙarya kike, bai ragu ba!”

Ta ajiye tiren abinci da ƙarfi. “Alhaji, ni fa na gaji. Falo ya zama wurin wanki, leshina ya tafi, ƙarar janareta ta hana kowa sakat. Duk wannan mai sauƙi ne. Ƙanwarka Jummai ta zo daga Basirka jiya, ta ce Dada yanzu sai an matso dab take gane mutum. Ka ɗauke ta a jirgi ka kai ta Ikko mana, ta ga kifin nan a kantin mutumin. Kwana biyu kun dawo.”

Wallahi da ya ji wannan magana da labarin ya ƙare a nan. Amma ina!

“Ni Ɗanbala in kai uwata kantin wani ta tsaya leƙe kamar 'yar kallo? In ta dawo ta ce ta gani, wa zai yarda? Su ƙara cewa kifin Dada ne? A'a. A falona za ta gan shi, gaban Hambali da duk wanda ya taɓa yi mata dariya.”

“To don ita kake yi, ko don su?”

Ya yi kunnen uwar shegu, ya ɗauki kwalbarsa.

Da bazara ta kama, haƙurinsa, wanda da ma ba shi da yawa, ya ƙare. Ya sa aka yi wanki na musamman, ya gwada, ya ga fari, ya buga wa mai kanti waya ya ce ruwa ya nuna.

“Da kansa ya yi fari, Alhaji?”

“Fari ƙal, in ji maka.”

Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Aka turo kifaye ta jirgi zuwa Kano cikin ledoji masu iska, ya je da kansa ya ɗauko. Ba biyu ba, ba uku ba, cikin akwati guda ya ce a ba shi.

Da aka sake su a ruwa, kowa ya matso yana kallo. Hajiya Kubra da kanta ta riƙe baki tana salati. Rawaya, shuɗi, mai ɗigo-ɗigo, suna kewaya duwatsu.

Hajiya Kubra ta ce, “Alhaji, tashi yanzu. Ga mota ga mai. Kafin la'asar Dada tana nan.”

“Yanzu? Haka kawai, ba shiri? Sai Juma'a ta sama. Zan yanka sa, a kira dattawan Basirka, a ɗinka wa Dada kaya. Abin da aka yi shekara arba'in ana jira, mako ɗaya ne zai gagara?”

Kun ji fa! Mutumin da ya kasa jiran ruwa, yau shi ne mai cewa a jira. Inda ya kamata ya yi haƙuri ya yi gaggawa, inda ya kamata ya yi gaggawa kuma ya tsaya ɗinki.

Aka aika goron gayyata. Shi kuwa don murna ya riƙa zuba musu abinci kamar masu shirin azumi. Kwana kaɗan kifaye suka daina yawo. Suka taru a saman ruwa suna buɗe baki da sauri-sauri. Ya ɗiga magani, kwalba ta yi jan da bai taɓa gani ba. Ya yi ihu a kawo ruwa, a kawo gishiri, a kawo leburori. Ihu bayan hari.

Ranar Alhamis da hantsi ya tsame na ƙarshe da ludayi, ɗan rawaya, launinsa ya koɗe. Ga sa ɗaure a ƙofar gida, ga tela ya kawo kayan Dada.

Aka aika Basirka cewa an ɗaga taro. Amma irin wannan labari ba ya ɓoyuwa. Ɗan aiken ya dawo da saƙon Hambali: a gaishe da Alhaji, a ce masa sun ji kifin Dada ya zo ya koma, Allah Ya sa ya sauka lafiya.

Wannan saƙo ya soki Ɗanbala har ƙashi. Ya ɗauko taɓarya zai fasa akwatin, Hajiya Kubra ta sha gabansa.

“Ka fasa, sai me? Ka gwada wanki, ka gwada alif, ka gwada leshina. Abu ɗaya ne ba ka gwada ba, shi ne abin da aka ce ka yi. Ka bar shi!”

Ya jefar da taɓarya. “Na bar miki. Ki sha ruwan in kin ga dama.”

Ya haɗa kayansa ya tafi Gwaram, inda yake da aikin hanya, ya tare a can. Daga wurin aikin zuwa Basirka ba wata tafiya ba ce, amma kunya ta hana shi taka garin. Yaya zai haɗa ido da Hambali? Me zai ce wa Dada? Sai dai ya aika direba da shinkafa da sukari da maganin ido. Kullum direba ya dawo sai ya ce, “Dada ta ce yaushe za ka shigo?” Shi kuma ya ce, “Ce mata sai na zo da kifi.”

A Birnin Kudu kuwa Hajiya Kubra ba ta yi wa akwati komai ba. Ta bar injin iska yana aiki. In ruwa ya ragu ta ƙara na rijiya, wani lokaci ta jefa ɗan guntun kifi. Gilashi ya yi gansakuka, duwatsu suka yi dauɗa, ta kau da kai. Ran Juma'a kawai take gwadawa. Ja. Wata Juma'ar, ja. Ta sama, ja dai, har ita ma ta fara cewa ko mutumin Ikko ya yaudare su ne.

Sai wata Juma'a ta ga ja ya koma kamar ruwan da aka ɗauraye kofin zoɓo. Ba ta gaya wa kowa ba. Da mako ya zagayo ta ɗiga, ta jira, ta girgiza, ta kai taga. Fari. Ta jefa guntun kifi ta kwana biyu ta sake gwadawa. Fari dai, ba wanki, ba toka, ba lebura ko ɗaya.

Lokacin damina ta sauka, gero ya kai gwiwa. Wata biyu bai cika ba da tafiyar Alhaji.

Da saƙo ya same shi ya zo ya tsaya gaban akwatin, ya dubi gansakukar da da yana nan da tuni ya sa an kankare. Ya gwada da hannunsa. Ya daɗe yana kallon kwalbar.

“Wato da na bar shi tun farko, da tun kafin tsakiyar rani an gama.”

Hajiya Kubra ba ta ce masa “ai na faɗa maka” ba. Ba don ba ta so ba.

Wannan karon kifi biyu kawai ya ce a turo. Ranar da suka iso bai nemi sa ba, bai nemi tela ba. Ya sake su a ruwa, ya juya mota sai Basirka.

Ya yi sallama a tsakar gida. Dada na zaune kan tabarma a ƙofar ɗaki, fuskarta na kallon wajen turken awaki. Ta juyo, amma ba daidai inda yake tsaye ba.

“Muryar wa nake ji kamar Ɗanbala?”

“Ni ne, Dada.”

“Matso in ji ka.”

Ta miƙo hannu tana lalube a iska. Ya durƙusa. Ta shafa hularsa, ta shafa goshinsa, ta sauko gemu.

“Ka rame. Har furfura ka ƙara, ina jin ta da kaushi.”

Ƙanwarsa Jummai, wadda ke zaune da ita, ta ce a hankali, “Tun ruwan farko idon ya rufe gaba ɗaya, Yaya. Ta hana a gaya maka. Ta ce kana da aiki.”

Ƙaton mutum, mai leburori ɗari, ya kifa kai a gwiwar uwarsa yana kuka kamar yaron goye.

“Dada, kifin ya zo. Yana falona yanzu haka. Na makara, Dada. Ni na ja.”

“To share hawayenka, kada awaki su yi maka dariya. Tunda ya zo ai sai mu je mu gaishe shi. Jummai, aika a kira mini Hambali. Ba inda za ni ba tare da shi ba.”

Haka aka yi. Tsoho Hambali ya shiga mota da sandarsa, tun daga Basirka har Birnin Kudu yana tsokana. “Batulu, in na tarar da tarwaɗa an shafa mata shuni, wallahi sai na faɗa a kasuwa.”

Aka shigo da Dada falo, Hajiya Kubra na riƙe da hannunta. Ta tsaya ta saurari ƙarar kumfa. Ta ce a ɗora hannunta a bakin akwatin. Ta tsoma yatsa, ta kai baki, ta ɗanɗana. Sai ta yi murmushi.

“Shi ne. Haka yake, gishiri da ɗan ɗaci a ƙarshe. Hambali, kana ina?”

Tsohon yana tsaye gaban gilashi, sanda ta zame daga hannunsa bai sani ba.

“Hambali, yau bakin ya mutu ne? To tsaya, kada ka gaya mini. Ni zan gaya maka, kai ka duba. Akwai wani rawaya, faffaɗa kamar tafin hannu, ba shi da kauri?”

“Akwai.”

“Yana da baƙi ya ratsa idonsa kamar ya zizara kwalli ya zarce?”

Muryar Hambali ta yi ƙasa. “Yana da shi.”

“Saman kwallin akwai fari. Bakinsa ɗan tsut, yana tsintar abu jikin dutse kamar kaza.”

“Batulu... ga shi nan yana yi. Wallahi ga shi nan yana yi!”

“Tela ne ya ɗinka masa?”

Hambali ya share ido da hannun riga. “Wanda Ya ɗinka masa Ya fi ƙarfin tela. Ki yafe mini, 'yar gwaggo. Shekara arba'in ina ƙaryata ki.”

“Kai dai ka faɗa a kasuwa, kamar yadda ka yi alkawari.”

Aka yi dariya, har da masu hawaye. Ɗanbala ne kaɗai bai yi ba. Ya durƙusa gefenta.

“Dada, don ki gani na yi duk wannan. Ga shi kowa ya gani ban da ke.”

Ta lalubo kansa ta dafa.

“Ɗanbala, ni na ga kifina tun kafin a haife ka, kuma har yau ina ganinsa, ba abin da ya koɗe. Ban taɓa cewa ka kawo mini shi ba. Da hasken nan yake ƙarewa, kullum da la'asar sai in sa Jummai ta zaunar da ni ina fuskantar ƙofa. Ba kifi nake jira ba. So nake in ƙara ganin fuskarka sau ɗaya, in ajiye ta kusa da shi.”

Kifayen nan biyu sun yi shekaru a falon Alhaji Ɗanbala, ruwan bai ƙara yin ja ba. Dada kuwa ba ta ƙara ganin komai ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Darasi: Abin da Allah Ya yi wa lokaci, kuɗi da ƙarfi ba sa nunar da shi, sauri ma nawa yake haifa masa. Ka yi haƙuri da abin da ke buƙatar jira, ka kuma yi gaggawa ga wanda ba zai jira ka ba. Kada ka ce sai ka cika hannu za ka je gaban iyayenka, fuskarka suke nema. In naka suna raye, tashi ka je yau. Ka tura wa ɗan'uwanka wannan labari, wataƙila akwai tsohuwar da ke zaune tana fuskantar ƙofa saboda shi.